Makulli a Cikin Firij

A wurin koyon aikin fim Kawu suke ce masa, don ya girmi duk ɗaliban, har da wasu daga cikin masu koyar da su. A gida kuwa Auta ne, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Duk sunan da aka kira shi da shi amsawa yake yi, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

Asalinsa mai wankin hoto ne. Tun yana saurayi ya shiga wani shago a bakin kasuwa, ya koyi haɗa ruwan magani a ɗaki mai duhu, da aka kawo inji kuma ya koyi injin. Amare da jarirai da 'yan makaranta duk ta hannunsa suka bi suka fito a takarda, har ya zamana ya san fuskokin rabin gari ba tare da ya san sunan kowa ba. Sai waya ta zo ta cinye sana'ar. Kowa ya zama mai hoto, mai shagon ya sayar da injin ya koma sayar da caja, Kawu kuwa ya dawo gida ya zauna. Matarsa ce ta riƙe su da keken ɗinkinta, tana yi tana tsokanarsa, wai ta auri mai hoto amma ko hoton kirki guda ba ta da shi. Allah bai ba su haihuwa ba, sun kuma daɗe da daina maganar.

Da likita ya ce za a yi mata aiki, ɗan ƙaramin aiki in ji shi, sai ta wuni a kicin ana gobe za a kwantar da ita. Ta yi miya tukunya guda, ta raba kashi-kashi a robobi ta jera a saman firij, wurin ƙanƙara.

"Ga shi nan, kafin ka cinye na dawo," in ji ta. "Kada in ji ka koma shayi da burodi kamar wani gwauro."

Ya ci kuwa, a tsaye, tsakanin gida da asibiti, bai ma san me yake kaiwa baki ba. Roba ɗaya ta rage ranar da aka janye shi gefe aka ce ya yi haƙuri.

Bai yi kuka ba. Masu ta'aziyya suka yi ta yabon tawakkalinsa, shi kuwa ya san ba tawakkali ba ne. Abin ya fi kama da ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka mintsine ta ka ji kamar ta wani ce. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano, rana da ruwan sama suka zama ɗaya. Abu guda ne kawai ya rage da yake kula da shi, wato robar nan. In an ɗauke wuta sai ya hau babur ya sayo ƙanƙara ya kewaye ta da ita, ya rufe, ya zauna yana jiran a dawo da wutar. Bai ci ba, kuma ba don ya manta ba. Ya ƙudurta cewa ba zai ɓata ta a kan mataccen harshe ba. Ranar da bakinsa ya dawo, ranar zai ɗumama ta ya zauna a kujera ya ci a hankali, ya ji hannun matarsa sau ɗaya na ƙarshe. Bai gaya wa kowa wannan ba.

Yayarsa ce ta gaji da ganinsa haka. Mace ce da ba ta iya lallashi ba, in tana son mutum faɗa take yi masa.

"Auta, zaman nan kashe ka zai yi, ni kuma ba ni da ƙarfin wani makokin," ta ce. "'Yar maƙwabciyata tana aiki wurin masu shirya talla da wasan talabijin, ta ce suna ɗaukar masu koyon aiki. Kai ba ka san hoto ba? Na ce mata kana zuwa."

"To, Yaya."

"To ɗin nan taka ce ke ba ni haushi. Ka yi gardama mana, ko na san da mutum nake magana!"

"To."

Aikin da aka ɗauke shi ya koya sunansa mataimakin shiri, suna mai daɗin faɗi a gaban surukai. Wadda ke koyar da su wata 'yar guntuwar mata ce da kowa ke kira Anti Manaja, rediyon magana na oba-oba a ƙugu, murya kuwa ba ta buƙatar oba-obar. Tun ranar farko ta fasa musu ƙwai. Ta ce mataimaki shi ke zuwa kafin kowa, ya tafi bayan kowa, in komai ya tafi daidai ba mai tunawa da shi, in kuwa an rasa ko cokali ne sunansa za a fara kira. Samarin da ke ajin suka kalli juna. Kowannensu darakta ya zo zama, wasu har sun sayi hular.

Kawu ya koyi naɗe waya yadda ba za ta harɗe ba. Ya koyi manna salatif a ƙasa wurin da ɗan wasa zai tsaya, da ɗaukar hoton ɗaki kafin a taɓa komai don a mayar da kowane kofi mazauninsa in an gama. Ya koyi tsayawa a bakin lungu yana tare masu wucewa, da roƙon mai injin niƙa ya ɗan dakata, da riƙe wa 'yar wasa lema tana latsa waya ba ta ko san da mutum a bayanta ba. Aikin ya karɓe shi ƙwarai, don aiki ne na shan tsawa, shi kuwa tsawa ba ta samun wurin sauka a jikinsa. Darakta zai zazzage shi tas a gaban jama'a, ya ce "To, ranka ya daɗe," ya ci gaba da abin da yake yi. Anti Manaja har nuna shi take yi wa samarin, wai su koyi haƙuri wurin Kawu. Ita ma ta ɗauka haƙuri ne.

Mai ɗaukar sauti, wanda ake wa laƙabi da Kunnuwa, shi ya koya musu dokar firij. Mutum ne da ke jin abin da ba wanda ke ji, kullum fuska a yamutse kamar ana sara masa itace a ka. Ya ce makirufo ba ya barin komai, agogon bango da fanka da tsiyayar famfo duk kwasa yake yi, amma babban maƙiyinsa gurnanin firij. Dole a cire shi daga soket kafin a fara ɗauka.

"Matsalar ita ce mayarwa," in ji Kunnuwa. "An gama aiki, kowa ya gaji, a kwashe kaya a tafi. Masu gida su dawo su tarar da namansu ya ruɓe, su zage mu har kakanninmu. Saboda haka duk wanda ya kashe firij, ya buɗe ya sa makullin abin hawansa a ciki. Ka ga ba inda za ka sai ka dawo wurinsa."

Dabarar ta shiga hannun Kawu har ta zama jiki. Gidaje da yawa makullin baburinsa ya wuni tsakanin tumatir da ruwan sanyi, bai kuma taɓa barin firijin kowa a kashe ba.

Ana dab da gama horon aka samo aikin tallar sabulun wanke kwano. Ana son ɗan ƙaramin kicin na masu rufin asiri, an samu, an shirya, sai da safiyar ranar mai gidan ya ce ya fasa. Mota cike da kaya na tsaye a titi, darakta na kumfar baki. Anti Manaja ta juyo ta ce wa ke da gida a kusa, Kawu ya ce nasa na bayan layin nan.

Haka suka cika masa gida. Aka ɗauki hoton komai, aka fitar da keken ɗinki tsakar gida aka lulluɓe shi da zane, aka kafa fitilu. Wata 'yar wasa ta tsaya daidai inda matarsa ke tsayawa, tana ɗaga faranti tana yi masa murmushi kamar ta ga ɗan'uwanta da ya daɗe a tafiya. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, yana jiran ya ji wani abu. Bai ji komai ba, sai dai ya lura ta riƙe soso a hagu.

Kunnuwa ya ɗaga yatsa. "Kawu, firij."

Ya ɗan tsaya. Ya san in ba a buɗe saman ba ƙanƙarar za ta kai yamma lafiya lau. Ya sunkuya ya zare wayar daga soket, ya buɗe ƙasan, ya ajiye makullin baburinsa kusa da gorar ruwa, ya rufe.

Ba a gama ba sai bayan la'asar, sauran aikin kuma a wani gari ne, inda za su yi kwanaki suna ɗaukar wasan talabijin. Anti Manaja ta ce ba lokacin komawa ofis, daga nan za a wuce.

"Kawu, ɗauko kayan sawa kala biyu ka shigo mota. Bar babur ɗin, ina za ka kai shi?"

Ya yi aikinsa tsaf. Ya ɓamɓare salatif, ya share, ya shigo da keken ɗinki, ya duba hotuna ya mayar da kowane cokali inda yake. Sai dai hoto ba ya nuna gurnani, wayar kuma tana bayan firij inda ido ba ya kaiwa. Direba na ta danna hon. Ya ja ƙofa ya kulle da makullin gida, wanda dama daban yake ajiye shi, ya shiga mota. Wanda ya ƙirƙiro dabarar nan gidan mutane ya yi tunani, inda dole ka nemi abin hawanka kafin ka tafi. Bai yi tunanin mutumin da za a ɗauka a ƙofar gidansa ba.

Sai da suka kwana biyu a can, ana zafi kamar a gasa mutum, sannan aka shiga ɗaukar wani fage a falon wasu mutane. Kunnuwa ya ɗaga yatsa, Kawu ya je ya kashe firijinsu, ya sa hannu a aljihu zai ɗauko makulli. Hannun ya daɗe a aljihun.

"Lafiya, Kawu?" in ji Kunnuwa.

"Na bar makulli a firij."

"Subhanallahi! Na wane gida?"

"Nawa."

Kunnuwa ya yi ajiyar zuciya har da dariya. "Au, da sauƙi, ba mai kai mu ƙara. Me ke ciki?"

"Miya."

"Miya kawai? Ka ba madam haƙuri ta sake wata. Ka saya mata turare a hanya."

"Haka ne," in ji Kawu.

Ba wanda ya sani a wurin aikin, don bai taɓa faɗa ba, su kuma ba su taɓa tambaya ba. Ya fito da waya ya kalli lambar yayarsa. Ko da ta samo kafinta an ɓalle ƙofar, a wannan zafin abin da zai faru ya riga ya faru. Ya mayar da wayar, ya ari makullin direba ya sa a firijin mutanen, ya fita bakin ƙofa ya ɗaga murya ya ce a yi shiru za a ɗauka. Ya ƙarasa kwanakin yana aikinsa daidai, har darakta ya ce a rubuta sunansa cikin waɗanda za a riƙe.

Da tsakar rana motar ta sauke shi a gida. Tun daga tsakar gida ya ji warin. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin firij ya bushe ya bar shata a siminti. Ya buɗe ƙasan ya ɗauki makullinsa ya sa a aljihu, sannan ya buɗe saman. Murfin robar ya kumbura, miyar ta yi kumfa ta canza launi.

Duk da haka ya juye ta a tukunya ya ɗora a wuta, don ya sha ganin marigayiyar tana ceto miyar da ta fara juyawa ta hanyar tafasa ta. Ya tsaya a kanta yana motsawa har ta tafasa ta sake tafasa. Ya jawo kujera ya zauna, yadda ya yi niyya tun farko. Ya ɗebo a bakin cokali, ya hura, ya ɗora a harshe.

Ya ji ɗanɗanon sarai, karo na farko tun rasuwarta da wani abu ya yi masa ɗanɗano a baki. Tsami ne da ɗaci, babu ita a ciki ko kaɗan. Ya yi ƙoƙarin tuno yadda miyarta take, ko yaji ke fara zuwa ko gishiri, ya kasa. Duk watannin nan tana nan a gabansa, taku kaɗan daga gadonsa, yana gadinta. Ya ajiye cokalin.

Ya kai tukunyar bayan gida ya zubar, ya kora da ruwa. Ya wanke tukunyar, ya wanke robar da murfinta da ragowar sabulun da masu talla suka bari, ya goge ta, ya buɗe kabad ya sa ta cikin sauran robobin. Har ya rufe ya juya, sai ya dawo ya sake buɗewa. Duk iri ɗaya ne, farare masu shuɗin murfi. Ya fito da su yana ɗagawa yana shinshinawa, kowacce ƙamshin sabulu take yi, ya rasa wacce ce.