Zoben Inna da ya yi baƙi

Shekarun baya, lokacin ina digiri na biyu a Kano, aikina shi ne shimfiɗa azurfa siririya a kan gilashi, in haɗa ta da farar wuta, in auna yadda lantarki ke bi ta samanta. Na sha wahala, kullum shimfiɗar sai ta fito dabbare-dabbare.

Da na zo hutu Birnin Kudu, na tarar mahaifiyata ta yanke hulɗa da aminiyarta ta garin Sara, matar da tun suna 'yan mata suke tare. Ta ja ni ɗaki ta miƙo min hannu. Zobenta na azurfa ya yi baƙi ƙirin.

"Azurfa ba ta ƙarya," in ji ta. "Ƙaiƙayi ya dame ni, ta aiko min da man shafawa, kwana biyu ka ga abin da ya faru. Akwai abin da ta sa a ciki."

Gaskiya ni ma gabana ya faɗi, don matar ba ta faɗi abin da ta haɗa ba. Na buɗe gwangwanin man na sansana. Warin ɗakin bincikenmu ne sak, farar wuta ce aka kwaɓa da man kaɗanya. Na ce, "Inna, maganin ƙaiƙayi ne. Farar wuta in ta taɓa azurfa, baƙi take yi mata a sama kawai, cikin yana nan fari."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai ma ta biya ta wajenka ke nan?"

Sai da na shafa man a ɗan kunnen azurfa na ƙanwata, shi ma ya yi baƙi, kafin Inna ta yarda. Abin haushi, shimfiɗar da man ya yi ta fi tawa ta Kano kyau nesa ba kusa ba.

Ranar kasuwa muka shiga motar Gwaram zuwa Sara. Aminiyar ta saurare mu har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yaya, ashe abin da ya hana ki zuwa sunan jikata ke nan. Ni kuwa na zaci ciwon ne ya tsananta, har na haɗa miki wani."

Ban taɓa ganin kunya ta kama mahaifiyata haka ba, kuma har yanzu in na tuna sai tausayinsu ya kama ni su biyun. Na sha cewa ta kawo in goge mata zoben da toka, ta ƙi. Da baƙinsa take sa shi har yau.