Haƙorin Makkan Baba Arzika

Ku da kuka san Baba Arzika maƙerin fari a Nassarawa, kun san ba ya duba zinariya sai ya saurare ta. Zai sake ta bisa uwar maƙera, ya rufe ido, ya karkata kunne. In ka yi tari a lokacin, kun ɓata har Juma'a.

Cutarsa ita ce ƙananan sulallan zinariya na Turawan da, irin waɗanda alhazai masu tafiya ta ƙasa ke tsintowa a Jidda da Sudan. Goma sha ɗaya ya tara a battar taba. Bai yi boko ba, amma kowanne ya raɗa masa suna: Mai-hanci, Mai-takobi, Gwauro. Ni da na zauna Turabulus na tsinci Italiyanci, na ce bari in karanta masa rubutun. Ya ce in bar su, sun saba da sunayensu.

Shekarar 'yancin kai aka tsokane shi, wai ana sallamar Turawa shi yana ɓoye sarakunansu. Ya ce ai shi ya riga kowa 'yanci, ga sarakunan Turai a aljihunsa, ba mai motsi sai da izininsa.

Sai wani alhaji, dillalin kifi daga Argungu, ya kawo guda ɗaya da ya samo a Makka a narka a yi masa haƙorin Makka. Jikin sulen sarki ne durƙushe gaban wani dattijo, yana karɓar tuta. Baba ya saurare shi har sau uku. Ya taya, alhaji ya ƙi: zinariyar Makka yake so a baki, ba wata ba. Ina zaune Baba ya ɗauki awartaki, ya ɓamɓare nasa haƙorin Makkan, ya ajiye a ma'auni.

"Wanga ma Makka yah hito, Alhaji. Sarkin da yas sa aka buga shi durƙushe, ba ni sa shi wuta."

Tun daga ranar, ka tambaye shi lafiya sai ya ce lau, haƙorinsa na can Argungu yana cin giwan ruwa, shi yana nan da kunu.

Bayan shekaru na ga ɗan'uwan sulen nan a gidan tarihi a Istanbul, cikin gilashi, an rubuta daga birnin Benis na Italiya yake, ga mai gadi tsaye. Na roƙa a sake mini shi a ƙasa in ji. Mai gadin ya ɗauka na taɓu.

Da giɓinsa muka kai Baba makwanci. Allah, bawanka ya hana wuta taɓa mai durƙuso. Kai ma ka hana ta taɓa shi.