Randar Kaka da ɗan tankas

A gidan hayarmu na unguwar Akwatialine mu kaɗai ne Kirista, kuma ni kaɗai na yi sakandare. Na dawo hutu kaina cike da darasin tsafta, ina ganin kowa ƙazami ne.

Matan gidan suna da wata dabara. Duk wadda ta fara hango ɗan tankas, wato duba-gari mai leƙa randuna yana neman tsutsar sauro, sai ta buga turmi wayam sau uku. Kowa ta ruga ta zubar da tsohon ruwanta. Ran nan ni na fara ganinsa, da farar hularsa da ludayinsa. Taɓarya tana kusa da ƙafata. Na ci gaba da karatuna.

Randa ɗaya ya kama, ta Kaka, tsohuwar da mijinta ya rasu, mai sayar da koko a ƙofar gida. Ita ta yanke mini cibiya. Ya ɗaga ludayin kowa ya ga abin yana motsi, ya rubuta mata sammaci.

Da yamma Mma, mahaifiyata, ta tare ni a madafa.

"Kin gan shi, ko?"

"Na gan shi. Doka ce, Mma. Ko Littafi Mai Tsarki ya umarce mu mu bi hukuma. Sauro yana kashe yara."

"Sannu, lauya. Kwana nawa ruwan nan ya yi a randar?"

"Ina zan sani?"

"Kin sani. Ran Litinin ta ce ki ɗebo mata a famfo, gwiwa ta hana ta. Kika ce kina zuwa. Yau Asabar."

Na ce kotu ba za ta tambayi wannan ba. Ta ce ai ta sani, kotu randar wa kawai take tambaya. Amma Littafin da nake fakewa da shi, in ji ta, duk inda ya yi maganar shari'a sai ya waiwayi gwauruwa, ya tambayi maƙwabtanta.

Ni na raka Kaka kotu, don ba ta jin Turanci. Tunda take ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Aka ci ta tara, hukuncin kuwa daidai ne, ba zan ce an zalunce ta a can ba. Ba wanda ya tambaye ni komai, ni ma ban faɗi cewa ni na ƙi ɗebo mata ruwan ba. Cikin mako guda magana ta zaga layi cewa kokon Kaka da ruwan tsutsa ake damawa. Makanikan da ke karyawa a wurinta suka koma gaba.

Sauran hutun kullum da safe nakan wanke randar in cika ta. Ban daina ganin dokar tana da gaskiya ba, kuma wannan bai rage mini komai ba. Da can "kishiyar wasata mai baƙin baki" take kirana, tana dungure mini kai. Yanzu in na sauke bokiti sai ta gyara mayafi ta ce, "Na gode, Malama."