Tsarabar da Na Riƙa Kai wa Inna Hajara

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna Hajara, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Furfuri tun ban san dama da hagu ba. Har yau in na bi ta gaban masu suyar ƙuli-ƙuli a Sabon Gari sai na rage tafiya, don ƙamshin nan nata ne.

Sana'arta ke nan, matsar man gyaɗa. In ta yi maka faɗa sai ka ƙoshi, in ta ba ka abinci ma haka. Amma ita ba ta ci. Gyaɗa ta kasuwa ce, mai na masu saye, ita kuwa fura da goro, sai tabar gari da take cusawa a leɓe, wai maganin haƙori. Da na samu aikin koyarwa a Gusau, duk sanda na leƙa kasuwar Tsafe sai na sayo mata taba mai kyau. Takan ce duk zuri'armu ni kaɗai na san darajar tsoho, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Ranar da ta karye, ba daga bisa ta faɗo ba. Tuntuɓe ta yi da dokin ƙofa, ƙugu ya karye. Maɗori ya zo daga Bungudu, ya ɗora sau biyu, ƙashi ya ƙi kamawa. A zuwa na uku ya girgiza kai ya ce, "Wanga ƙashi awa karan da gara ta ci. Ku tai da ita asibiti."

Likita ya duba hoton ƙashin, ya tambaye ni ko tana amfani da taba. A wurinmu ba a tona tabar tsohuwa gaban baƙo. Na ce ko kusa, har da ɓata rai kamar an zage ta. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye. Da muka koma gida ma na ci gaba da kai mata, don ita ce kaɗai ta rage mai sa ta murmushi. Wata bakwai ta yi a kwance, ba ta sake taka ƙasa ba.

Bana wata tsohuwar ɗalibata mai aikin jinya ta yi min bayani. Nikotin da ke cikin taba, ta gari ko sigari, yana raunana ƙashi, yana hana karaya warkewa. Ta ce masu bincike na ganin bitamin E zai iya rage ɓarnar, ko da yake yawancin gwajin a kan ɓeraye aka yi, kuma ba ya maye gurbin barin taba. Na tambayi inda ake samunsa. Ta ce akwai shi a gyaɗa da man gyaɗa. Sai da na nemi wuri na zauna.

Da Inna tana raye, na san dariya za ta yi, ta ce wato ita za a haɗa da ɓera. Ban ce cin gyaɗa zai tashe ta ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Abin da ke cina shi ne ƙaryar da na yi wa likita, da hannun da ya riƙa miƙa mata. Ina kewarta, kuma ina jin kunyarta.

Ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari a jikina shi ne ba a zuwa wurin tsoho hannu rabbana. Ƙanwarta, Inna Asabe, tana nan a Wanke, ita ma da tata tabar. Makon jiya ta aiko in sayo mata. Na je da gyaɗa da kwalbar mai. Ta laluba jakar har ƙasa, ta ɗago ta dube ni.

"Ashe ɗan Hajara ya koyi rowa?"

Na ce eh, Inna. Ta juya min baya, har na fito ba ta amsa sallamata ba. Juma'a mai zuwa zan koma. Allah Ya jiƙan Inna Hajara, ni kuma Ya yafe min.