Keken Ɗinkin da Na Ƙi Karɓa

Shekarun baya, ina da shekara ashirin da biyu, na yi bankwana da unguwarmu ta Hindawiyya a Makka alhali ko biza ban samu ba. Mijina direban bas ne a ƙasar Danmak. An ɗaura aure ya koma, ya ce ya fara haɗa takardu, wata biyu ko uku zan bi shi. Ni kuwa uwar gaggawa, na shiga gida-gida ina neman yafiya yadda ake yi in za a bar Makka. Na raba tukwanena, na ba maƙwabciyata keken ɗinkina kyauta, na je kasuwar Zahir na sayo wata jibgegiyar rigar sanyi wadda ko gwada ta na yi sai na jiƙe da gumi.

Cikin azumi ne, muna jera kwanukan shan ruwa, rediyo ya ce an yi zaɓen majalisa a Danmak kuma masu son a tsananta wa baƙi sun yi rinjaye. Ban ko daina yanka albasa ba. Me ya haɗa ni da zaɓen wasu?

Ashe da ni aka yi. Takardun suka yi ta jan ƙafa, har ranar da mijina ya bugo waya muryarsa a sanyaye: sabuwar gwamnati ta kafa doka, ba a kawo mata daga waje sai ta cika ashirin da huɗu.

Unguwa ta samu abin taunawa. Ina wucewa sai in ji ana tambaya ko ƙanƙara ta fara zuba a gidanmu. Wannan na shanye. Abin da ya ƙona min rai shi ne zuwan kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya zaunar da ni ya ce auren waya ba aure ba ne, akwai wani mai tasi, mai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, da ya yi maganar aurena.

"Halas, ya binti, magana ta ƙare, 'yata," in ji shi. "Mutanen nan sun ce ba sa son ki. Ki nemi takardar sakinki."

Na ce, "Kawu, ba su suka biya sadakina ba. Wanda ya biya bai ce ya fasa ba."

Mahaifiyata ta harare ni, amma ba ta ce in ba shi haƙuri ba.

Washegari maƙwabciyata ta sa aka ɗauko keken, ta ce in riƙe tunda tafiya ta fasu. Na san da alheri ta yi, amma na mayar. In keken nan ya kwana a ɗakina, kowa zai ce na sallama, har ni kaina. Sai na koma zuwa gidanta kullum da hantsi ina aron keken da na saya da gumina, ina ɗinka wa alhazai jakunkuna. Shekara biyu da 'yan watanni ina wannan taurin kai, ta kan yi min dariya tana zuba min shayi.

Da bizar ta fito na sake zagaya gidajen neman yafiya. Wata tsohuwa ta ce ta yafe tun wancan karon, kada in dame ta.

Har yau in na tuna akwai ɗaci, wai mutanen da ba su taɓa ganina ba suka jefa ƙuri'a suka cinye min shekara biyu. Shekarun suka iya ci, auren na nan, 'ya'ya uku. Bana ma da na zo Umara na leƙa Hindawiyya, maƙwabciyata ta nuna min keken a lungu, ya yi tsatsa, ta ce don Allah in kwashe kayana.

Na ce mata ai na riga na tafi.