Mai Gyaran Keken da Ba Ya Sauka a Hanya

Sana'arsa gyaran keken ɗinki, kuma tun gemunsa yana baƙi telolin nesa suke aiko masa. Sai ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur ya kama hanya, wani lokaci wuni guda. Ana ce masa Sai-mun-isa, don amsar da yake bai wa duk wanda ya goya ke nan, ƙishirwa ce ta dame shi ko fitsari.

Da shekaru suka ja, ya ƙaro dabaru biyu. Ya daina shan ruwa ranar tafiya, kada mara ta tsayar da shi. In kuma injin babur ya yi zafi, yakan tsaya a inuwa ya hutar da shi, amma yana zaune a kai. Sauka ba wuya. Hawan ne sai ƙafa ta tsallake akwati, bakin titi kuwa ba ya rasa mai cewa, "Baba, a kama maka?"

Wata rana ya dawo gida, sai ga bayan ƙwaurinsa na hagu ya kumbura, ya ɗau zafi. Matarsa ta dubi wandon.

"Malam, tela ne ya yi maka rowar yadi, ko ƙafar ce ta yi ƙiba ba ta jira 'yar'uwarta ba?"

"Gajiya ce. Ɗan murza mini da man zafi."

"Ni ba zan murza abin da ban sani ba. Tashi mu je."

A asibiti likita ta ce jini ne ya daskare a jijiya, ga dogon zama, ga rashin ruwa, ga shekaru. Gara da ba a murza ba, don in gudan ya ɓalle ya tafi huhu, ana iya rasa rai. Ya saurara da ladabi, sannan ya tambayi lafiyar da ta fi damunsa: babur fa?

"Sai ka gama magani, Baba. Kuma ka riƙa sauka kana taka ƙasa, kana shan ruwa. In ba za ka iya ba, a sayar."

Ba a sayar ba. Yanzu akan gan shi a bakin hanya yana zagaya babur, yana matsa taya yana girgiza kai. Masu faci sun sha tasowa da famfo a hannu, su tarar iska ta cika fam. Yakan gode musu, ya kurɓi ruwa, ya ce bari ya sake dubawa dai.