Yadda Na Kai Kifin Baba Lamidi Panyam a Bokiti

Tudun Wada

Ina idar da sallar asuba na ɗauki bokitin na fito. Damina ce ta yi tsakiya, a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da sanyin Jos ke sa mutum ya ga hucin bakinsa. Matata Binta ta biyo ni ƙofar gida da tsohon bargo.

"Naɗe ta, Malam. Kai ma da rigar sanyi biyu ka fito."

A cikin bokitin akwai kifi mace guda ɗaya, 'yar ƙarama daga dangin karfasa, ba ta wuce tsawon yatsa ba. Maƙwabcinmu Baba Lamidi, wanda ya yi shekaru yana gyaran famfo a wurin haƙar kuza, shi ya bar mini ita da 'yan uwanta a akwatin gilashi sa'ad da ya tashi komawa Ogbomosho. Ranar da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Tela, kada zuriyansu ya ƙare a hannunka." Na yi masa alkawari da ƙarfin murya.

Tare da akwatin ya bar mini matatar ruwa da ya haɗa da hannunsa: kwalba mai faɗin baki, cike da tsakuwa da gawayi da soso, ga siririn tiyo yana busa iska a hankali. Ni kuwa sai na ga ta yi muni a falo. Na jefar da ita a shara, na sayo na'ura mai ƙyalli wadda ke zuƙar ruwa da gurnani. Sau biyu na ga ƙananan 'ya'ya a akwatin, sau biyu suka ɓace. Manyan ma suka riƙa mutuwa har saura namiji ɗaya da wannan macen. Ita ma ta daina cin abinci, haɓarta ta kumbura. Idan ta mutu, alkawarina ya mutu. Wani mai kawo mini ɗinki ya ce akwai tafkunan kiwon kifi a Panyam, in nemi Oga Bitrus.

Bukuru zuwa Barkin Ladi

Na sami ƙaramar motar haya, kiya-kiya, zuwa Bukuru, can kuma na hau akori-kura mai zuwa Mangu. Direban, wani dogo da ake kira Sule, ya ga yadda na rungume bokitin a gaba.

"Alhaji, fura ce? A ba mu mu karya."

"Mara lafiya ce."

Ya leƙa, ya yi dariya har ya buga sitiyari. "To, wallahi yau motata ta zama ta asibiti."

Amma ya kyauta, duk rami sai ya rage gudu. Hanyar nan a lokacin ba ta da cunkoso. Hazo ya kwanta a kan duwatsu, ga tsofaffin kududdufan kuza cike da ruwa kore shar, mata suna wanke ƙasa a bakinsu da faranti. Har yau in na rufe ido ina ganinsu.

Kafin Barkin Ladi akwai shingen sojoji. Wani kofur ya zagayo ya ce in buɗe. Ya daɗe yana kallo.

"Oga, wannan ko miya ba zai yi ba. Ina za ka kai shi?"

"Wurin likita."

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce da gaske, ya ɗaga sandar shingen.

Mangu

Mun isa da hantsi. Na sayi gasasshiyar masara na ci a tsaye, don ban yarda in ajiye bokitin a ƙasa ba. Wata mai gwaten acca ta ba ni benci, ta kuma ba ni kwalbar ruwan ɗumi na cusa tsakanin bargo da bokiti. Daga nan motar dankali ta ɗauke ni zuwa Panyam.

Panyam

Oga Bitrus gajere ne, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya kai ni inuwa, muka ɗaga murfin. Sai ga wasu ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero suna yawo a ruwan. Kafin in gane ko mene ne, macen ta buɗe baki ta fara zuƙe su ɗaya bayan ɗaya.

"Tana cinye su!" na yi ihu, na kai hannu.

Ya buge mini hannun. "Kai, bar shi! Uwa ne. Ɗakin yaransa ke nan."

Ya bayyana mini cewa irin wannan kifi a baki take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, kuma duk tsawon lokacin ba ta cin komai. Kumburin da na ɗauka ciwo ne, goyo ne. Girgizar mota ce ta sa ta zubo su.

"Da ka zauna a gida ka ƙyale shi, da ya fi," ya ce. "Wani uwa in ya tsorata sai ya haɗiye su duka. To bai taɓa haihuwa ba? Na baya, ina suka je?"

Na gaya masa sau biyu suka ɓace, na kwatanta masa na'urata. Ya riƙe baki.

"Ka taɓa buɗe cikinsa ka duba?"

Na taɓa. Kowace Juma'a nakan wanke ta da sabulu da ruwan zafi, in ga ɗan tarkace in zubar ban lura ba. A nan na gane 'ya'yan ne na riƙa zubarwa a kwata da hannuna.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ƙaramin akwati mai 'ya'ya ba ya son matata mai ƙarfi, soso da iska kaɗan sun isa. Dattin da ke cikin soson ma yana da amfani, akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani masu gyara ruwa, sabulu kuwa kashe su yake yi. A matse soson a ruwan da aka ɗebo daga akwatin kawai. A raba uwar da namijin, a zuba duwatsu inda ƙanana za su ɓuya. Ya ba ni wani tsohon soso daga nasa wurin, baƙi ƙirin, a jiƙe cikin leda.

"Kada ka wanke shi, tela. Na san ku da tsabta."

Komawa

Na sake samun Sule a Mangu. Da ya ji labari ya hana yaran mota ɗora buhu a gefena, ya yi ta tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, fasinjoji suna ƙorafi. A shingen nan kofur ɗin ya gane ni.

"Yaya mara lafiya?"

"Ashe haihuwa ce."

"Barka! A gayyace mu suna."

Ban yi dariya sosai ba. Tun daga Mangu ban ga ko ɗa ɗaya a ruwan ba, ban kuma san ko suna bakinta ko sun wuce ciki ba.

Gida

Na iso bayan la'asar. Na cire na'urar daga wuta, na tsaya ina tunanin yadda zan haɗa irin ta Baba, alhali ban taɓa kula da yadda ya jera ta ba. Binta ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar, tsakuwarta da tiyonta duk suna nan.

"Ranar da ka jefar na tsince ta. Tsoho ba ya haɗa abu a banza."

Muka sa soson Oga Bitrus a ciki. Na yanki ƙyallen gidan sauro, na ɗinka shamaki a keken ɗinkina, muka raba akwatin biyu, muka saki uwar a nata ɓangaren.

Kwanaki ta yi a bayan dutse, bakinta a rufe. Wata safiya ina yanka yadi sai Binta ta kira ni a hankali. Uwar ta fito fili, ta buɗe baki, suka watsu kamar an zuba gero, matatar Baba tana fitar da kumfarta ba ta ja ko ɗaya ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Oga Bitrus, da Sule, da mai gwate, da matata. Da 'ya'yan suka yi ƙwari na aika wa Baba Lamidi saƙon baki ta hannun wani ɗan garinsu, har da labarin kwalbar da Binta ta tsince. Amsar da ta dawo gajeriya ce: "A gaya wa Tela ya gaishe da Binta."